Labarin Da Ke Rubuce A Jikin Dutse

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba kowannenmu zai tsaya gaban yara. In wani ya kawo maka dutse mai zane-zane fari da baƙi, a lanƙwashe, ya ce, "Malam, me ya lanƙwasa shi?" ƙaƙa za ka amsa? Ga abin da na koya, na ga ya kamata mu san shi tare.

Irin wannan shi ne rikiɗaɗɗen dutse. Asalinsa laka ne, ko yashi, ko wani dutse dabam. Sa'ad da ya nutse can ƙarƙashin ƙasa, zafi da nauyi suka sāke shi, bai kuwa narke ba. Ku tuna da maƙeri: ƙarfe mai sanyi ba ya jin guduma, amma in ya yi ja sai ya tanƙwaru yadda a ke so. Haka laka ta zama dutse mai ɓarewa falle-falle, farar ƙasa kuma ta zama marmara irin ta Jakura kusa da Lokoja.

To, ina aka sami wannan matsi? Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohuwar ƙasar da ke yamma da mu ta yi karo da wadda ke gabas. Abin da ke tsakani ya matsu, ya tashi ya zama jerin manyan tuddai, kamar yadda Himalaya ta tashi da Indiya ta yi karo da Asiya. Jerin ya miƙe tun daga Hoggar ta Aljeriya, ya bi ta Nijeriya da Togo, har arewa maso gabashin Barazil, gama a lokacin teku bai raba mu ba tukuna. A 1964 wani masani, W. Q. Kennedy, ya raɗa wa wannan al'amari suna Pan-Afirka. Ruwa da iska sun cinye tuddan, saiwarsu ce mu ke takawa yau.

Masana su kan bi ƙa'ida mai sauƙi: abin da aka yanka ya girmi abin da ya yanka shi. Da ita aka jera aukuwar abubuwa. Da fari duwatsun suka ninku a kwance. Bayan haka matsi daga gabas da yamma ya sāke ninka ninkin farko a tsaye, shi ya sa a Zungeru da Birnin Gwari da Ilesha za ku ga layin dutse ya nufi kudu da arewa. Sa'an nan narkakken dutse ya kutsa ciki ya daskare, watau irin na Olumo a Abeokuta da na Idanre. Daga ƙarshe da ƙasa ta huce, dutse ya daina tanƙwaruwa, sai tsagewa. Duwatsun kuza na Jos kuwa ba su ninku ba, domin sun zo bayan an gama, wajen shekara miliyan 160 ke nan.

Kada ku ce wannan zancen littafi ne kawai. Dutsen nan ba ya riƙe ruwa sai a tsagarsa da inda ya ruɓe, saboda haka mai haƙa rijiya da bai san wannan ba ya kan yi hasarar kuɗinsa. Zinariyar Anka da Ilesha ma cikin jijiyoyin farin dutse ta ke, a tsagogin nan. Amma a Zamfara tana haɗe da dalma, har a 2010 ɗaruruwan yara suka mutu sabili da niƙa dutsen a cikin gidaje.

Don haka ina roƙonku, in kun fita koyarwa ku kai yaranku bakin rafi da rani, inda dutse ya fito fili. Ku sa su nemi ninki, su nemi jijiyar da ta yanke shi, su faɗi da kansu wanne ya riga wanne.