Cutar da Ke Ƙone Dankalin Turawa Cikin Marka

Duk mai noman dankalin Turawa a Bokkos, Mangu ko Barikin Ladi ya san Yuli da Agusta ba watannin barci ba ne. Sanyi da yayyafin da suka sa dankali ya karɓi ƙasar Filato, su ne kuma abin da cutar ƙunar ganye take so. In marka ta zauna, ganye ya kwana a jiƙe ya wuni a jiƙe, gona koriya shar tana iya komawa baƙa ƙirin cikin mako ɗaya ko biyu, kamar an bi ta da wuta. Wannan cuta ce ta afka wa ƙasar Ailan a 1845, yunwar da ta biyo baya ta ci rayuka kusan miliyan ɗaya.

Ni a ganina, yawancin asarar daga makara take. Manomi ya tsaya bakin gona ya hango kore, ya ce lafiya lau. Ai sai an shiga tun raɓa ba ta bushe ba, a tsuguna a juya ganye. Tabo ne ke fara fitowa a baki ko gefen ganyen, ruwa-ruwa, sannan ya yi duhu. A bayansa za ka ga farar fumfuna siririya ta kewaye tabon, rana na ɗagawa ta ɓace. Daga nan sai kara ya yi baƙi, gona ta soma wari. Dankalin da ya kamu kuwa, in ka yanka shi, ƙarƙashin ɓawon ja-ja ne mai tsatsa. Akwai wata ƙunar daban mai tabo zobe-zobe a tsofaffin ganyen ƙasa, amma ita ba ta da wannan gaggawar.

Feshi riga-kafi ne. Maganin mankozeb yana rufe ganye ne kawai, ruwa kuma yana wanke shi, don haka a tsakiyar damina ana maimaitawa kusan duk mako, a tabbata ya taɓa bayan ganyen. Irin su Ridomil suna ratsa jikin shuka, sai dai in aka dage a kansu kullum cutar takan saba da su. Masu rage awo don maganin ya isa, kuɗinsu suke zubarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne iri. Wanda ya ɗebi iri daga gonar da ta ƙone bara, da hannunsa ya shuka cutar. Haka gyauro da tulin ruɓaɓɓen dankali a gefen gona, sai a tuge a binne. A nemi iri mai tsabta, a tambayi ma'aikatan cibiyar binciken dankali da ke Kuru. A ba da tazara don iska ta ratsa, a ɗaga kunya sosai kada ruwa ya wanko cutar zuwa 'ya'yan, kada kuma a bi gonar da tumatir, don shi ma tana kama shi. Saura mako biyu a haƙa, a sare ganyen, a jira ranar da ƙasa ta sha iska.