Kafin Ka Sayi Simintin Filasta, Duba Lissafin Kwamfuta

Yanzu ba kasafai ake zana gida da fensir ba. Mai zane yakan hau kwamfuta da manhaja irin su Revit ko ArchiCAD, ya tsayar da bango, ya dasa ginshiƙai, sannan ya fitar da jadawalin awo ya miƙa wa mai gida. Da yawa daga cikinmu muna ganin takarda ta fito daga kwamfuta sai mu ɗauka magana ta ƙare. Ga filasta kuwa, da sauran magana.

Bango fuska biyu gare shi, ciki da waje, kuma duka biyun ana shafe su. Amma adadin da Revit ke nunawa a jadawalin bango na fuska ɗaya ne. Idan mai zane bai saka filasta a kowane gefe a matsayin abu mai zaman kansa ba, kuma bai ninka lissafin ba, to rabin aikin aka ba ka. Sai an kai tsakiya magini ya ce siminti ya ƙare, kai kuma ka fara zarginsa da sata.

Ginshiƙi ya fi ruɗarwa. Manhajar takan ba da tsawonsa da yawan kankaren da zai ci, ba faɗin jikinsa da za a shafe ba, sai an sa ta yi hakan musamman. Ɗauki fila mai inci 9 a kowane gefe, wato santimita 23, tsayinta mita 3. In a baranda take tsaye ita kaɗai, gefe huɗu za a shafe: murabba'in mita 2.76. Guda takwas sun kai murabba'in mita 22, kusan buhu biyu ke nan da babu su a takarda, tunda buhu mai kilo 50, a kwaɓin kwano ɗaya na siminti da huɗu na yashi, kaurin milimita 12, yakan rufe wajen murabba'in mita 10. Filar da ke cikin bango kuwa akasin haka ne. An riga an ƙirga fuskarta tare da bangon, don haka wanda ya sake lissafa ta gefe huɗu ya caje ka kuɗin abin da bulo ya rufe.

Ka gwada ɗaki ɗaya da kanka, da tef da biro. Ɗaki mai mita 4 a kowane gefe, tsayi mita 3, cikinsa murabba'in mita 48 ne. Cire ƙofa mai 0.9 da 2.1, cire taga mai 1.2 da 1.2, saura 44.7. Ka ƙara ɗan bakin ƙofa da na taga, domin su ma ana shafe su, kuma manhaja ba ta cika kula da su ba. In adadinka ya yi nesa da na takarda, ka koma wurin mai zane ka tambaye shi fuska nawa ya ƙirga, kuma yaya ya yi da ginshiƙai. Wannan ya fi muhimmanci idan jinga za ka bayar a kan kowane murabba'in mita.

Sannan kwamfuta ba ta san hannun magininka ba. A wurinta kowane bango a miƙe yake sak. In an jera bulo a karkace, wurin da aka ƙiyasta milimita 12 zai iya cin 20 kafin ya daidaita, kuma wannan ƙarin daga aljihunka zai fito. Saboda haka a sake auna bangon bayan an gama jera bulo, kafin a kira mai tifar yashi.