Ranar da Aka Yi wa Bob Dylan Ihu

Ran 25 ga watan Yuli, 1965, wani saurayi mawaƙi mai suna Bob Dylan ya hau dandamali a wurin bikin waƙoƙin gargajiya na garin Newport, a ƙasar Amurka. Yana rataye da jita mai aiki da lantarki, ga makaɗa a bayansa. Da suka soma kiɗa sai wuri ya ruɗe, waɗansu na tafi, waɗansu na yi masa ihu. Waƙa uku ya yi ya sauka, sai da aka roƙe shi ya komo da jita marar lantarki ya ƙara biyu. Mai karatu zai ce, me ya yi zafi haka? To, sai mu koma baya kaɗan.

Tun da can talakawan Amurka suna da waƙoƙinsu, na manoma, da na masu haƙar kwal, da na baƙar fata a gonakin auduga. Yawancinsu ba a san wanda ya fara su ba, baki ne ke miƙa wa baki. Kayan kiɗansu kuwa ba su wuce jita da banjo da irinsu ba. Shi banjo ɗan'uwan molo ne, gama bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka fara yinsa a can.

Cikin shekarun 1930 aka yi fari da guguwar ƙura a jihar Oklahoma da maƙwabtanta, manoma suka watse neman abinci. Wani mutumin jihar, Woody Guthrie, ya bi su yana waƙe wahalarsu. Abokinsa Pete Seeger, mai kaɗa banjo, shi ya kai irin waɗannan waƙoƙi birane. Amma hukuma ta zarge shi da kwaminisanci, har wani kwamitin majalisa ya kira shi a 1955, aka daɗe ba a ganinsa a manyan tashoshin talabijin.

Duk da haka waƙoƙin ba su mutu ba. Ɗaliban jami'a suka rungume su, aka soma bikin Newport a 1959. Dalilin farin jininsu shi ne, kowa na iya yinsu. Mutum ɗaya ya bayar, taro ya amsa, kalmomi na fita sarai. Saboda haka suka dace da masu neman 'yancin baƙar fata, waɗanda ke rera su a coci, da kan titi, har cikin kurkuku. Ran 28 ga Agusta, 1963, mutum wajen 250,000 suka taru a Washington, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa. Joan Baez ta yi waƙa a wurin, Dylan ma ya yi. Mutane suka ɗauke shi magajin Guthrie, bakin talakawa.

Ana nan sai 'yan Beatles suka zo daga Ingila a 1964, kiɗan lantarki ya cika gari. A 1965 wata ƙungiya mai suna Byrds ta ɗauki waƙar Dylan, "Mr. Tambourine Man", ta sa mata ganguna da jitar lantarki, faifan ya zama na ɗaya a kasuwa. Wannan haɗi shi aka sa wa suna folk rock, watau waƙar gargajiya bisa kiɗan zamani. Dylan kansa ya riga ya gaji da a riƙa faɗa masa abin da zai waƙe, ya koma waƙar abin da ke ransa.

To, ka ji mafarin ihun Newport. Gaskiya ne waɗansu sun ce rashin fitar sauti ne ya ba su haushi, waɗansu kuma gajartar wasan. Amma da yawa gani suka yi nasu ya bar su ya bi kasuwa. A wurinsu waƙa ta jama'a ce, shi mawaƙi amana aka ba shi. Shi kuwa Dylan yana ganin muryarsa tasa ce.

Wa ya yi nasara? Ta wajen kasuwa lantarki ya ci. Amma waƙar neman gyara ba ta ɓace ba, sai ma ta shiga cikin sabon kiɗan, aka yi ta amfani da ita wajen sukar yaƙin Vietnam. Shi Seeger bai rabu da banjonsa ba har ya rasu a 2014. Dylan kuwa an ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016.