Ciwo A Fuska, Me Ya Kai Likita Cinya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin albasa, ya aiko da takarda cewa za a yi wa ƙanensa aikin cike kumatu, amma sai ya ga likita ya ɗora wata na'ura a cinyar yaron, yana zane da alƙalami. Shin ko kuskure aka yi?

AMSA: To malam, kwantar da hankalinka, ba kuskure. Idan ƙuna, ko haɗarin mota, ko ciwon iska ya ci nama ya bar rami, fata zalla ba ta isa cike shi. Sai an yanko fata da naman da ke ƙarƙashinta daga wani wuri a jikin mutum, galibi cinya ko hannu, a dasa. Kai da kake dashen albasa ka san irin da aka cire ba saiwa ba ya kamawa. To saiwar wannan nama ita ce jijiyar jini. Da ita ake yanko shi, a ɗinke ta da wata jijiyar a wuya, a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Likitocin ƙasar Sin ne suka bayyana wannan dabara ta ɗebo naman cinya a shekarar 1984.

Matsalar ita ce, ƙananan jijiyoyin da ke shayar da fata wasunsu kaurinsu bai fi milimita 1 ba, kuma inda suke a jikin wane ba nan suke a jikin wane ba. Shi ya sa ake neman su tun kafin a taɓa wuƙa, kamar yadda ake gano ruwa kafin a haƙa rijiya.

Na'urar kuwa irin wadda ake duba mata masu ciki ce. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi jinin da ke gudu, ya dawo. Wani masanin ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana tushen wannan ilimi tun 1842. Ƙaramarta ƙara take yi, shuu, shuu. Babbar kuwa tana nuna jinin a allo, ja da shuɗi. Inda aka samu jijiya mai ƙarfi, nan likita ke sa alama. Ba zafi, ba allura.

Saboda haka kada a wanke zanen nan. Idan kuma mara lafiya na shan taba, ya daina, domin tana matse jijiyoyi, dashe ya ƙi kamawa. Allah Ya ba shi lafiya, amin.