Ina Kuɗin Gidan Kallo Ke Kwana?

A kakar ƙwallo ta 2024/2025, ƙungiyar Southampton ta buga wasa 38 a gasar Firimiya ta Ingila, ta ci biyu kacal, ta zo ta kashin baya da maki 12, aka kora ta rukuni na ƙasa. Duk da haka hukumar gasar ta danƙa mata fiye da fam miliyan 100. A wannan kakar dai Remo Stars ta Ikenne ta ɗauki kofin Firimiyar Nijeriya, karo na farko a tarihinta, kuma ladan da aka sa wa kofin naira miliyan 200 ne, abin da bai wuce fam dubu 100 da 'yan kai ba a canjin lokacin. Wato wadda ta fi kowa shan kashi a can ta ninka zakarar nan kusan sau dubu. Daga ina wannan kuɗi ke fitowa, kuma me ya hana shi biyowa ta ƙofarmu?

Sawun farko yana kusa da mu fiye da yadda ake zato. A Sabon Birni ko Isa, ranar Asabar da la'asar, ka nufi gidan kallo: rumfar langa-langa, bencina a jere, allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin yau da alli, janareta na ruri a bayan ɗaki. Yaron da ke tsaye a ƙofa yana karɓar kuɗin shiga, ɗari ko ɗari biyu, gwargwadon girman wasa. Mai gida ya ware na fetur, ya ware na hayar wuri, sannan ya ware kason da ba ya tsallake wata, kuɗin sabunta dikoda. In ya yi jinkiri allo ya yi baƙi, samari kuwa su koma gidan maƙwabci.

Kuɗin dikodar nan ba ya kwana a ƙasar Gobir. Galibi yana tafiya wurin MultiChoice, kamfanin Afirka ta Kudu mai DStv da tashoshin SuperSport. Wanda ya kama Canal+ irin na maƙwabtanmu na Maraɗi ma bai sauya hanya ba, domin tun watan Satumba na 2025 Canal+ ɗin, kamfanin Faransa, ya karɓe ragamar MultiChoice. Su kuma waɗannan kamfanoni sayen izinin haska wasa suke yi daga masu gasar, da kuɗin waje.

Nan ne sirrin Southampton ya fara warwarewa. Tun da aka kafa Firimiya a 1992, ƙungiyoyin ba sa sayar da wasanninsu kowa gaban kansa. A dunƙule ake kai su kasuwa, cinikin ya shiga asusu ɗaya. Kuɗin da tashoshin cikin gida suka biya, rabi ana raba shi daidai wa daida tsakanin ƙungiyoyi 20, kashi ɗaya cikin huɗu gwargwadon matsayin da kowa ya ƙare a tebur, sauran kuma gwargwadon yawan haska wasannin kowa. Kuɗin ƙasashen waje, inda namu yake faɗawa, mafi yawansa ma raba-daidai ne. Cinikin cikin gida kaɗai na 2025 zuwa 2029 ya kai fam biliyan 6.7. Manchester United da Liverpool ba don tausayi suka yarda da wannan rabo ba. Sun san babu mai biyan kuɗi ya kalli gasar da aka san ƙarshenta tun daga farko. Sifaniya ta gwada ɗaya hanyar, Real Madrid da Barcelona suna cinikinsu daban suna kwashe kaso mafi tsoka, sai da gwamnati ta sa doka a 2015 ta tilasta a haɗa.

Sai dai haɗin kai kaɗai bai amsa tambayar ba, domin a Nijeriya ma a dunƙule ake sayarwa. Wasannin jami'o'in Amurka ne suka nuna abin da ya rage. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1984, jami'o'i da gungun da suke ciki ke cinikin talabijin ɗinsu. A 2022 gungun Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC ta kimanin dala biliyan 7. Gungun Pac-12, mai tarihin fiye da shekara 100, ya kasa samun tayi mai kama da wannan, sai jami'o'insa suka watse. USC da UCLA na Los Angeles suka fara ficewa zuwa Big Ten, Oregon da Washington suka bi su a 2023, wasu ma suka kama gabansu, har aka bar jami'a biyu rak. Ɗalibai a Los Angeles yanzu suna ratsa faɗin Amurka a jirgi don buga wasa ɗaya. Tashoshi yawan idon da ke kan allo suke saye, tarihin gungu bai dame su ba.

To, gasarmu tana kan allo? A 2013 SuperSport ta sa hannu kan yarjejeniyar dala miliyan 34 da masu gudanar da gasar Nijeriya, a daidai zamanin da Kano Pillars ke ɗaukar kofi sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. A 2017 ta janye. Shekarun da suka biyo baya gasar ta kusan ɓacewa daga talabijin, har StarTimes ta shigo a ƙarshen 2023 da tayin da ya ɗan haura naira biliyan ɗaya a shekarar farko. Raba wannan gida 20 kafin a cire kuɗin gudanarwa, kowace ƙungiya ba ta wuce miliyan 50 da kaɗan ba. Shi ya sa mafi yawan ƙungiyoyinmu, har da Pillars da Katsina United, suke rayuwa da abin da gwamnatin jiha ta saki. Ƙungiyar da albashinta ke fitowa daga gidan gwamnati kuwa ba ta da abin da zai tilasta mata gyara fili, ko sa fitilar wasan dare, ko damuwa da cewa ana take wasanta ranar Lahadi da ƙarfe huɗu, lokacin da kowane gidan kallo ya juya Ingila.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba soyayya aka rasa ba. Duk wanda ya ga yadda filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a Kano ke cika, ana ta "Sai Masu Gida", ko ya tuna murnar da aka yi da Ahmed Musa ya dawo Pillars a 2021, ya san akwai masu so. Amma matashin Gatawa ko Isa, a wannan zamani na 'yan bindiga, ba zai kama hanyar Goronyo da ransa a hannu don ya je filin Giginya na Sakkwato kallon ƙwallo ba. Gidan kallo shi ne filinsa, abin da aka sa masa a allo shi zai biya wa kuɗi.

Saboda haka amsar tana hannun hukumar gasar da gwamnonin da suka mallaki ƙungiyoyi. A kai kyamara kowane fili, a ɗage lokacin wasa daga bakin Firimiyar Ingila, a sa sharhi da Hausa, a kuma buga wa jama'a nawa aka karɓa da nawa kowace ƙungiya ta samu.