Sabon Sifirin a Kan Tsohon Rauni

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida zuwa Wurno da Goronyo, ko wadda ta nufi Rabah, a lokacin da albasa ta shigo, ya san irin kayan da ake ɗora wa ƙananan motoci. Za ka ga Golf ta ɗauki buhuna har but ɗinta ya ƙi rufuwa, bayanta ya durƙusa kamar raƙumin da ake yi wa lodi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara bunƙasa a fadamar Rima, kuma a bayan mota amfanin gonar yake fita.

Kwanakin baya na tarar da wani direba a garejin wani bakanike, ya sayo sababbin ƙafafun baya irin waɗanda ake kira koyiloba, yana son a ɗaura masa. Koyiloba dai sifirin ne mai naɗi wanda aka zura wa shokozoba a cikinsa, suka zama abu guda. Dama haka bayan Golf 3 yake tun daga kamfani. Bambancin na kasuwa shi ne yana da zobe mai murɗi da ake ɗaga mota ko sauke ta da shi. Da na leƙa ƙarƙashin motar sai na ga robar da ke riƙe da ƙarfen ƙafafun baya, wato bushin, ta tsattsage, wajen da kan shokozoba yake zama kuma tsatsa ta ci shi.

Ni ba injiniya ba ne, halittu nake koyarwa, amma abin da na gani bai zame mini baƙo ba. Mai karatu ya taɓa bayan dunduniyarsa, zai ji wata jijiya mai kauri. Ita ce sifirin ɗin jikinsa. Idan mutum yana gudu takan miƙe yayin da ƙafa ta taɓa ƙasa, ta adana ƙarfi, sannan ta mayar da shi. Binciken da R. McNeill Alexander da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Leeds ta Ingila a 1987 ya nuna wannan jijiya tana mayar da kimanin kashi 35 cikin 100 na ƙarfin kowane taki. Tsoka kuma ita ke shanye girgiza, kamar yadda shokozoba yake yi ta hanyar tura mai ta ƙananan ramuka har motsin ya koma zafi. Guringuntsin gwiwa shi ne bushin. To, wane likita ne zai ce wa mai lalataccen guringuntsi ya ƙara ƙarfin jijiya ya ci gaba da dakon buhu?

Robert Hooke ya bayyana a 1678 cewa matsuwar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa. A misali, sifirin da kilo 20 ke matse shi santimita ɗaya, kilo 100 zai matse shi santimita 5. Idan aka musanya shi da mai ninkin tauri, motar ba za ta durƙusa sosai ba, direba ya yi murna. Sai dai nauyin bai je ko'ina ba. Ƙari ma, duk ramin da taya ta faɗa, bugun zai isa jikin mota da ƙarfi fiye da da, kuma wajen da tsatsa ta ci shi ne zai karɓe shi. Bushin da ya tsage kuwa yakan bar ƙafafun baya su karkace a kwana, motar ta riƙa wutsiya. Murɗa zoben nan ma tsayi kawai yake canzawa, ba ya ƙara wa birki ko taya ƙarfin ɗaukar kaya.

Saboda haka gyara ya kamata ya fara daga raunin. A sauya bushin, a duba ko ƙarfen ya lanƙwashe, a yi wa mazaunin shokozoba walda mai kyau, sannan a ɗaura sababbin, hagu da dama tare, a kuma auna tsayinsu ya zo daidai. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke mota daga jak ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Yaran gareji su kiyaye: sifirin da ke matse yana iya karya hannu idan aka kwance notinsa ba tare da abin matsewa ba.

Direban nan ya saurare ni, ya tambayi kuɗin bushin da walda, ya yi shiru yana lissafi. Daga ƙarshe ya ce wa bakaniken, "Maigida, a fara da robar, albasata ta jira zuwa jibi."