Kafin mai gadi ya kashe janareta

Daga Kafanchan zuwa Kagoro har Manchok, mazaunin sarautar Moro'a a ƙaramar hukumar Kaura, ƙananan ofisoshi sun fara rabuwa da manyan littattafan rajista. A asibiti, ko makarantar sakandare, ko ofishin ƙungiyar ajiya da lamuni, za ka tarar da wata kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ba mai zama gabanta, amma duk sauran daga gare ta suke jawo bayani. Ita ake kira sabar. A cikinta rumbun bayanai yake: wa ya biya kuɗin makaranta, wa ake bi bashi, wane magani aka ba wace mara lafiya.

Da la'asar an tashi aiki. Kamfanin Kaduna Electric bai kawo wuta ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke barin inji yana ƙugi a banza. Sai shugaban ofis ya leƙa ta taga ya ce, “Baba, a kashe.” Mai gadi ya zaga baya ya murɗa makulli, sabar ta mutu tana tsakiyar aiki. Gobe a kunna ta tashi lafiya, jibi ma haka, har kowa ya ɗauka babu komai a ciki.

Akwai komai a ciki. Rumbun bayanai ba ya rubuta kowane abu kai tsaye a wurinsa na dindindin, domin faifan ajiya yana da nawa. Yana aiki ne kamar mai shago ranar kasuwa: ciniki ya yi zafi, sai ya riƙa kama lissafi a ka yana ɗan rubutawa a guntuwar takarda, in ya sami sarari ya juye a babban littafi. Abin da ke ka shi ne ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ke gogewa da zarar wuta ta ɗauke. Guntuwar takardar kuwa ita ce kundin da manhajoji irin su PostgreSQL da MySQL ke fara rubuta kowane sauyi a ciki. In wuta ta yanke ba zato, da an kunna sai manhajar ta koma kundin, ta ƙarasa abin da aka tabbatar, ta watsar da wanda ya tsaya rabi. Wannan dabara ce ke ceton ofisoshinmu kullum ba tare da sun sani ba.

Amma tana da iyaka. Wasu faifai, musamman masu araha, sukan ce wa manhaja sun rubuta alhali bayanin yana ɗan ma'ajinsu na wucin gadi. In wuta ta tafi a wannan ƙiftawar ido, shafi guda na iya rubutuwa rabi sabo rabi tsoho. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓarnar ba ta ihu. Sai bayan watanni, ranar da akawu ya nemi lissafin wata tsohuwar mamba, rumbun ya ƙi buɗe shafin, lokacin kuma kwafin da aka ajiye ma ya riga ya kwashi lalacewar.

Kashewar da ta dace ba ta cin minti biyar. A fara da mutane: kowa ya ajiye aikinsa ya fita daga manhajar. Sannan a tsayar da rumbun bayanan da umarninsa, ya juye duk abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai. PostgreSQL ma hanyoyi uku ya tanada: mai jiran kowa ya gama, mai sallamar kowa ta rufe da tsabta, da ta gaggawa wadda ke barin gyara sai an kunna. Ta ukun ba ta kullum ba ce. Bayan haka a umarci kwamfutar ta kashe kanta, a jira fankarta ta yi shiru, fitilarta ta mutu. Sai a kashe UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe wa sabar wuta in an ɗauke, sannan a yi wa Baba magana. Danne maɓalli har na'ura ta mutu daidai yake da fizge waya daga soket.

Mutane da yawa suna sayen UPS su saki jiki. Ƙaramin UPS mintoci kaɗan yake bayarwa, kuma an yi shi ne don a samu a kashe lafiya, ba don a ci gaba da aiki ba. Duba bayansa, sau da yawa akwai ramin USB da ba a taɓa soka wa komai ba. In aka haɗa shi da sabar aka sa manhaja irin PowerChute ko NUT, da batir ya yi ƙasa sabar za ta rufe kanta ko ba kowa a ofis. A ganina babu kuɗin da ya fi na wannan 'yar waya amfani a ɗakin. Batirin ma yana tsufa: shekara 3 zuwa 5 a ɗaki mai sanyin digiri 25, zafi kuwa yana rage masa kwana sosai. A riƙa gwada shi lokaci-lokaci, bayan an rufe rumbun.

Doguwar ɗaukewar wuta, irin ta Oktoban 2024 da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya bar yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki, ba ta cutar da sabar da aka kashe da kyau. Mai cutarwa ita ce wutar da ke zuwa tana komawa, da wadda ke dawowa da ƙarfi. Ko kamfanin jiragen British Airways, a watan Mayun 2017, dawowar wuta ba bisa tsari ba ce ta lalata masa na'urori, fasinjoji kusan 75,000 suka maƙale. A gindin duwatsun Kagoro kuma damina na zuwa da tsawa, don haka in hadari ya haɗu a kashe, a zare wayar wuta da ta intanet. Da hunturu ƙura ke toshe fanka. A ɗaga sabar daga ƙasa, a buɗe a hure ta.

Saura kwafi. Kwafe fayilolin rumbu yana cikin aiki ba ya ba da abin dogaro, sai da kayan da aka yi don haka, kamar pg_dump ko mysqldump. Kwafi uku ake so, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin, ko da a Kafanchan ne a kulle. Tunda bayanan mutane ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe su alhaki, a sa wa kwafin kalmar sirri. Kamfanin GitLab yana da hanyoyin kwafi har biyar lokacin da wani injiniyansa ya goge rumbunsu bisa kuskure ranar 31 ga Janairun 2017, amma ba su yi aiki yadda aka zata ba, aka rasa bayanan kusan awa shida. Shi ya sa duk wata ya kamata a ɗauki kwafin a zuba a wata kwamfuta daban, a buɗe, akawu ya nemo sunan mutum guda ya ga ko lissafinsa ya cika.